Babi na Shida: Mujallar da Ta Wuce Fitowar Farko

Kafa mujallar ilimi a jami'o'inmu ba abu ne mai wuya ba. Shugaban sashe ya kira taro, a zaɓi suna, yawanci a liƙa masa "ta ƙasa da ƙasa", a rubuta wa Laburaren Ƙasa a nemi lambar ISSN, a jera sunayen farfesoshi a bangon ciki a matsayin masu ba da shawara, wasunsu ma sai sun ga mujallar za su san an sa su. A tara maƙalu daga malaman sashen da abokan arziki, a kai maɗaba'a, a yi bikin ƙaddamarwa da lemo da cincin. Wata shida ya isa a yi duk wannan. Abin da yake gagara shi ne fitowa ta biyu ta zo a watan da aka ce za ta zo, ta uku ta bi bayanta, har a shekara goma ba a yi fashi ba. Duk wanda ya saba da kantocin mujallu a laburaren tsohuwar jami'a ya san yadda abin yake: juzu'i na ɗaya, fitowa ta ɗaya, daga nan sai shiru. Ko kuwa ka tarar da juzu'i uku an cure su cikin bango ɗaya, an rubuta shekaru uku a goshi, bashi ne aka biya a makare.

Idan aka tambayi editoci dalili, rashin kuɗi suke fara ambata. Rashin kuɗi gaskiya ne, amma a ganina ba nan ciwon ya samo tushe ba. Abin da yake raba mujallar da za ta girma da wadda za ta tsumbure shi ne wanda take yi wa aiki: mai karatu ne, ko kuwa marubucin da yake jiran ƙarin girma. Kafin a ga yadda muka karkata ga na biyun, sai an fara duba kasuwar da muke son kutsawa.

Kasuwar ta daɗe tana ci. A watan Janairu na 1665 aka fara buga Journal des sçavans a Faris, a watan Maris na shekarar kuma Henry Oldenburg, sakataren ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan, ya fitar da Philosophical Transactions, wadda har yau ba ta daina fitowa ba. Oldenburg da aljihunsa ya soma, yana fatan samun abin rufin asiri, kuma bai ga ribar da ya sa rai ba. Sai a 1752 ƙungiyar ta karɓi mujallar a hukumance. Kusan shekara ɗari uku haka aka tafi: galibi ƙungiyoyin masana da jami'o'i ne suke buga mujallu, da ƙyar suke mayar da kuɗinsu, ba kasafai ake kallon harkar a matsayin hanyar arziki ba.

Wanda ya sauya wannan shi ne Robert Maxwell, mutumin Cekoslobakiya da ya zama ɗan Birtaniya, ya kafa Pergamon Press a 1951. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatocin Amurka da Turai sun buɗe bakin aljihu ga binciken kimiyya, jami'o'i suna ta ƙaruwa, laburarensu da kuɗi a hannu. Maxwell ya riƙa bin tarurrukan masana, ya shirya musu liyafa, ya ce wa jagoran kowane sabon fanni, ai fanninka ya isa ya samu mujallarsa, kai ne edita. A 1959 kamfaninsa yana da mujallu 40, a 1965 sun kai 150. Abin da ya gano shi ne mujalla ba ta da madadi. Wanda ya ga sabulu ya yi tsada zai sayi wani iri, amma maƙalar da masani yake buƙata a mujalla ɗaya kawai take, laburare ba shi da inda zai ruga. A 1991 ya sayar da Pergamon ga Elsevier na ƙasar Holan a kan fam miliyan 440.

Tsarin cinikin abin mamaki ne ga duk wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwa. Gwamnati ce take biyan malami albashi ya yi bincike. Malamin ya ba kamfani maƙalarsa kyauta, wani malamin ya tantance ta kyauta, sannan laburaren jami'arsu ya saye ta da tsada. Shi ya sa ribar sashen kimiyya na kamfanin da ya mallaki Elsevier take haura kashi 30 cikin ɗari shekara da shekaru. Wani nazari da Vincent Larivière da abokan aikinsa na Jami'ar Montreal suka wallafa a 2015 ya nuna cewa a 2013 kamfanoni biyar kacal ne suka buga fiye da rabin maƙalun da ke cikin rumbun Web of Science. Elsevier da Springer da Wiley da Taylor & Francis suna cikinsu.

Sai kuma maganar ma'auni. Eugene Garfield na Filadelfiya ya fitar da Science Citation Index a 1964, daga baya ma'aunin tasirin mujallu ya biyo baya. Lissafinsa ba shi da sarƙaƙiya: a ƙirga sau nawa aka kafa hujja a bana da maƙalun da mujalla ta buga a shekaru biyun da suka wuce, a raba da yawan maƙalun. An ƙirƙire shi ne don ma'aikatan laburare su san mujallar da za su saya. Yau da shi ake auna mutum. A 2004 Elsevier ta kafa nata rumbun, Scopus, wato kamfani ɗaya ne yake da mujallu a kasuwa, kuma yake riƙe da ɗaya daga cikin mudun da ake awo da shi.

Mu ma ba jiya muka fara ba, kuma da ƙafar dama muka fara. Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, wadda su Kenneth Dike suka kafa a Ibadan, ta soma mujallarta a 1956. A cikinta ne H.F.C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya buga maƙalarsa ta 1961 a kan jihadodin ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma, yana mai cewa masana tarihi sun yi sakaci da su. A cikinta kuma ya buga ta 1970 a kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa, wadda ta girgiza yadda ake karanta labarin Bayajida. Mai nazarin tarihin Hausa, ko a Landan yake ko a Wiskonsin, dole ya nemi wannan mujalla, laburarensa kuma dole ya biya kuɗin shekara. A Kano an yi Kano Studies tun zamanin Kwalejin Abdullahi Bayero, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fitar da Harsunan Nijeriya a farkon shekarun 1970, Jami'ar Ahmadu Bello ta fara Savanna a 1972. A Yamai ma cibiyar IRSH tana da Études Nigériennes da Mu Ƙara Sani. A wancan zamanin waɗannan mujallu suna da masu jiransu.

A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Da aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, cikin shekara guda dala ta koma wajen naira huɗu, daga nan ta ci gaba da hawa. Takarda da tawada da kayan gyaran injin ɗab'i duk daga waje suke zuwa. Laburarorinmu suka daina sayen mujallun waje, namu mujallun suka fara fashi, laburarorin waje da suka biya kuɗi ba su ga kaya ba suka janye, manyan malamai da dama suka bar ƙasar da maƙalunsu. Da ƙura ta lafa mujallu suka dawo, har sun fi da yawa, amma mai biyan kuɗi ya sauya. Da laburare ne yake biya don mai karatu ya samu. Yanzu marubuci ne yake biya don sunansa ya fito.

Wannan sauyi ya fi bayyana a ofishin edita gab da lokacin miƙa takardun ƙarin girma. Edita malami ne mai nasa azuzuwa da ɗaliban digiri na uku, ba a rage masa ko awa ɗaya ba saboda aikin mujalla. A lungun ofis akwai kwalaye na fitowar bara da ta bariya, ba a ko ɓare wasu ba, gara ta fara taɓa na ƙasa. A kan tebur ga rasit na kuɗin tantancewa, ga na kuɗin bugawa. Sai matashin malami ya yi sallama ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, na zo ne kan maganar takardata."

"Malam, wanda aka ba dubawa bai dawo da ita ba tukuna."

"To ko za a taimaka mini da takardar amincewa? Ranar Juma'a ake rufe karɓa. In ya so gyaran sai in yi daga baya."

Edita ya san yaron, ya san mahaifinsa, ya san cewa in wannan shekara ta wuce shi sai ya ƙara jira da ƙaramin albashi. Ya kuma san cewa kuɗin wannan maƙala yana cikin lissafin da ya yi wa mai maɗaba'a. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma a lura da abin da aka zo nema. Takardar amincewa ce, da shafin farko na mujalla da za a yi wa hoto a haɗa cikin fayil. Ko wani zai karanta maƙalar bai shigo zancen ba. A irin wannan tsari duk maƙalar da edita ya ƙi asara ce daga asusun mujalla, kuma gaba ce ya saya da mutumin da za su haɗu a masallaci da sallar azahar. Mujallar da ba ta iya cewa a'a kuwa, masu karatu suna ganewa tun daga fitowa ta biyu ko ta uku.

Hukumomin jami'o'i sun ga ɓarnar, suka nemi magani. Da dama sun ƙayyade yawan maƙalun da malami zai iya gabatarwa daga mujalla ɗaya ko daga mujallar gidansa, wasu suka ce sai an ga wani kaso a mujallun da ke cikin Scopus ko Web of Science kafin a kai matsayin farfesa. A Nijar, inda ƙarin girman malaman jami'a yake bi ta hannun CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968 mai ofishi a Wagadugu, matsin bai bambanta sosai ba. Niyyar mai kyau ce, sai dai ta haifar da wani zagaye. Malami ya tura mafi kyawun aikinsa waje, ya bar wa mujallar gida abin da aka ƙi a can. Mujallar gida ta rasa maƙalun da za a kafa hujja da su, ta kasa shiga rumbun, dokar kuma ta ƙara korar marubuta daga gare ta. Fitar ma ba kyauta ba ce. Tun bayan sanarwar Budafes ta 2002 a kan buɗe bincike ga kowa ya karanta ba biya, manyan kamfanoni sun koyi karɓar kuɗi daga marubuci, har mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya a 2021. Ana yi wa wasu ƙasashe rangwame, amma sai marubuci ya san hanyar nema.

To da me mujalla take girma? Abu na farko ba shi da armashi ko kaɗan: ta fito a kan kari. Kasuwar ƙauye ranarta take ci. Idan mai kaya ya ɗauko buhunsa ranar Laraba ya tarar ba kowa, ya sake zuwa wata Larabar ya tarar haka, ba zai ƙara zuwa ba, kuma zai gaya wa 'yan garinsu. Marubuci mai maƙala mai kyau yana da zaɓi, ba zai kai ta inda za ta shekara biyu a aljihun tebur ba. Masu tantance mujallu na Scopus suna duban wannan tun da wuri, tare da lambar ISSN, da bayanin yadda ake tantance maƙala, da taƙaitawa cikin Ingilishi, da kuma ko marubuta da editoci daga wurare daban-daban suke ko duk 'yan sashe ɗaya ne. Gara mujalla ta yi alkawarin fitowa sau ɗaya a shekara da maƙalu takwas ta cika, da ta ce sau huɗu ta saɓa.

Fitowa a kan kari kuwa aikin mutum ɗaya ne wanda sunansa ba ya fitowa da manyan baƙaƙe. Shi ne sakataren mujalla, mai amsa saƙon marubuci a ranar da ya shigo, mai tuna wa mai tantancewa cewa makonsa na huɗu ya cika, mai bin madogara ɗaya bayan ɗaya ya ga ko sunan da ke cikin rubutu yana cikin jerin ƙarshe. Manyan kamfanoni suna biyan irin wannan mutum albashi. Mu kuwa mukan ɗora aikin a kan ƙaramin malami a matsayin alfarma, ranar da ya tafi ƙarin karatu Maleshiya ya tafi da kalmar sirrin imel ɗin mujalla. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ware wa manyan makarantu kuɗin tallafa wa mujallu, kuma abu ne mai kyau. Da za a tambaye ni, da na ce a rage abin da ake kashewa a takarda mai sheƙi da kwafin da zai ƙare a kwali, a ɗauki ma'aikaci na dindindin. Jarin edita na gaskiya shi ne jerin mutanen da in ya tura musu maƙala za su karanta ta da gaske su dawo da ita cikin wata guda, kuma irin wannan jeri sai da mai kula da shi yake ɗorewa.

Akwai kuma maganar fage. Mujallar da take karɓar komai, daga kimiyyar sinadarai zuwa fiƙihu zuwa harkar banki, ba ta da mai karatu ko ɗaya da zai jira ta, don ba wanda waɗannan duka suka dama. An yi ta ne don kowa a tsangaya ya samu wurin sa tasa. Maxwell da kansa da ƙuntata fanni ya yi arziki. Muna da fannonin da duniya ba ta da inda za ta nema sai wurinmu: noman gero da dawa a busasshiyar ƙasa, cutar sikila, sanƙarau a yankin Sahel, rubuce-rubucen ajami, tattalin arzikin kan iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina. African Health Sciences da aka fara a Makerere ta Yuganda a 2001 ta shiga rumbun likitanci na MEDLINE, haka ma Annals of African Medicine da ta tashi daga Sakkwato. Likitan da ke neman bayani a kan cututtukan da yake gani a asibitinsa yana da dalilin buɗe su.

Bayan haka sai a iya gano mujallar. Nan ne intanet ta yi mana rana. A 1998 ƙungiyar INASP ta Ingila ta kafa African Journals Online, wato AJOL, a 2005 aka mayar da ita hannun 'yan Afirka a Afirka ta Kudu. Yau tana ɗauke da mujallu sama da 500, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawa a ciki. Manhajar Open Journal Systems, wadda John Willinsky da abokansa suka samar a Kanada a farkon shekarun 2000, kyauta ce, tana bin maƙala tun daga shigowarta har fitowarta. Lambar DOI daga Crossref, wadda take sa a samu maƙala ko da shafin jami'a ya sauya adireshi, kimanin dala ɗaya ce ga sabuwar maƙala bayan kuɗin shekara. Duk wannan bai kai kuɗin bikin ƙaddamarwa ɗaya ba. AJOL da INASP sun kuma fito da tsarin taurari mai nuna matakin da kowace mujalla ta kai wajen inganci, edita yana iya ganin abin da ya rage masa a fili.

Amma girma yana da tarkonsa, kuma misalin da ya fi kowanne daga nahiyarmu ya fito. Ahmed Hindawi da Nagwa Abdel-Mottaleb sun kafa kamfanin Hindawi a Alƙahira a 1997. Suka rungumi tsarin marubuci ya biya kowa ya karanta kyauta, suka ɗauki ma'aikata masu yawa, mujallunsu suka kai ɗaruruwa. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya ƙaga maƙalar bogi mai cike da kurakurai a kan wani sinadari wai yana maganin daji, ya tura wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Sunayen marubuta da cibiyoyin da ya ƙirƙira duk ya yi su kamar na Afirka, abin da har yau yake yi mini ɗaci. Hindawi tana cikin waɗanda suka ƙi maƙalar, sunanta ya ƙara haske. A 2021 Wiley ta saye ta a kan dala miliyan 298. Hanyar ƙara kuɗin shiga a irin wannan ciniki ita ce ƙara yawan maƙalu, aka buɗe ƙofar fitowa ta musamman, inda ake ba baƙon edita wuƙa da nama. Masu sana'ar ƙera maƙalun ƙarya suna sayar da gurbin suna suka samu tsagar bango. A 2023 kaɗai an janye maƙalun Hindawi sama da 8,000, Web of Science ta cire mujallunta 19, a ƙarshen shekarar Wiley ta ce za ta daina amfani da sunan. Editan da yake zaune cikin kwalaye a jami'armu da babban kamfanin da ke Amurka lissafi ɗaya ne ya kama su: maƙalar da aka ƙi kuɗi ne aka rasa.

Wasu mujallunmu sun zaɓi shiga inuwar babban kamfani, su riƙe aikin edita, kamfani ya ɗauki ɗab'i da rarrabawa. Mujallun likitanci na Nijeriya da dama sun bi ta Medknow na Mumbai, wanda Wolters Kluwer ta saya a 2011, kuma sun amfana: suna fitowa a kan lokaci, ana ganinsu a rumbuna. Abin da ya kamata ƙungiya ta karanta da idon basira kafin ta sa hannu shi ne wa ya mallaki sunan mujallar da tsofaffin fitowarta. A 2015 editocin Lingua, tsohuwar mujallar kimiyyar harshe, su da kwamitinsu gaba ɗaya suka ajiye aiki saboda saɓani da Elsevier a kan farashi da buɗe ƙofa. Sun tafi da iliminsu da marubutansu suka kafa Glossa, amma sunan Lingua da tarihinta suna hannun kamfani.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta Barazil. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar tallafa wa bincike ta jihar Sao Paulo da cibiyar BIREME suka kafa SciELO. Kuɗin gwamnati ne yake riƙe da dandalin, karatu kyauta ne, amma mujalla ba ta shiga sai ta cika sharuɗɗa, in ta yi sake kuma a fitar da ita. Ƙasashen Latin Amurka da dama sun bi sahu, Afirka ta Kudu ta shiga a 2009. A Afirka ta Kudun ma'aikatar ilimi mai zurfi tana ba jami'a kuɗi a kan kowace maƙala da ta fito a mujallar da aka amince da ita, kuma mujallun gida da suka ci jarrabawa suna cikin jerin. Tsarin yana da nasa aibu, don ya sa wasu suna farautar yawa. Duk da haka ya ba marubuci dalilin kai aiki mai kyau mujallar ƙasarsa ba tare da ya cuci kansa ba, abin da dokokin ƙarin girma namu suka kasa yi.

Mujallun da ake bugawa da Hausa su ne suka fi kowa damar cin wannan kasuwa, ko da yake ba haka ake kallonsu ba. Algaita ta Jami'ar Bayero, Harshe ta Zariya, Ɗunɗaye ta Sakkwato da Harsunan Nijeriya ba su da abokin gasa a Amsterdam ko Niyok. Masu karatunsu suna nan da rai: ɗaliban Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi daga Katsina zuwa Gumel, malamai a Yamai da Damagaram, manazarta a Hambug da Waso da Beijin. Ɗalibi yakan yi tafiyar yini guda don ya yi hoton maƙala ɗaya daga tsohuwar fitowa, wani lokaci ya tarar an yage shafukan. Ɗaukar hoton tsofaffin juzu'ai a ɗora su a intanet, kowace maƙala da taƙaitawarta cikin Hausa da Ingilishi da lambarta ta DOI, zai jawo musu ambato fiye da sabuwar fitowa goma.

Sai dai akwai wani ɗan cikas da ba a cika kula da shi ba. Shekaru da yawa masu buga Hausa a kwamfuta suna amfani da tsofaffin nau'o'in baƙi waɗanda suke aron wasu maɓallai don haruffa masu lanƙwasa: a danna q ya fito ƙ, a danna x ya fito ɗ, a danna v ya fito ɓ, wasu kuma alamomin baka suke ara. A takarda komai daidai yake fitowa. Amma a cikin fayil ɗin, abin da injin bincike yake gani shi ne "xabi'a" da "qasa" da "varawo". Ɗalibar da ta rubuta "ɗabi'a" a Google Scholar ba za ta ga maƙalar ba, ko da tana nan a shafin jami'a, kuma na'urar da take ƙirga ambato ba za ta haɗa sunan maƙalar da inda aka kafa hujja da ita ba. Haruffan Unicode na Hausa suna cikin kowace waya da kwamfuta ta yau. Mayar da tsofaffin fayiloli zuwa gare su aikin 'yan makonni ne ga mai buga rubutu ɗaya da ya san ƙa'idar rubutun Hausa, muddin wani ya adana fayilolin, ba su tafi da kwamfutar tsohon edita ba.